Rassa, baƙin mai da toka: ragowar sarar daji da injin a yankin Växjö na Suwidin

Garin Växjö yana kudancin Suwidin, a yankin Småland, daji ya kewaye shi ta kowane ɓangare. Tun 1980 tashar Sandvik da ke garin ta fara ƙona ice don dafa ruwan da ake turawa gidaje ta bututu a lokacin sanyi, daga baya ta haɗa da samar da lantarki. Abin da take ci shi ne abin da masu sarar daji da masu yankan katako suka bari: ɓawo, garin zarto, ruɓaɓɓen gungume, da rassa da kawunan itatuwa waɗanda mutanen ƙasar ke kira grot. Da gwamnati ta ɗora haraji a kan hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa a 1991, sai wannan tarkace ya samu farashi, garuruwa da yawa suka bi sahun Växjö.

Mu ɗauki fili guda mai hekta 10 a wannan yanki, mu bi abin da sara ke bari a cikinsa. Itacen da ya fi yawa shi ne gran, dogo mai miƙaƙƙen jiki da siraran ganye kamar allura, wanda ake shukawa a jira shi shekara 60 zuwa 80. Galibin dajin kudu na iyalai ne, da yawansu kuma 'yan ƙungiyar masu daji ce ta Södra, wadda hedikwatarta ke Växjö ɗin. Mai fili ba shi da injin. Yana sayar da itatuwan a tsaye, mai saye ya turo ɗan kwangila. Doka ta ce duk sarar da ta kai rabin hekta sai an sanar da hukumar kula da dazuzzuka, Skogsstyrelsen, mako shida kafin a fara, kuma a takardar ne ake faɗin ko za a kwashe rassan.

Injin biyu ne ke aikin. Na farko injin sara, mota mai taya shida ko takwas da hannun ƙarfe da ya kai kusan mita 10, a ƙarshensa akwai kai mai zarto. Kan yana cafke itace ya yanke shi daga gindi, ya kayar, ya zuƙe shi tsakanin wuƙaƙe su share rassan, ya yayyanka gungume bisa tsawon da kwamfuta ta ƙayyade, duk cikin kusan minti ɗaya. Na biyu motar kwasa, mai ɗibar gungumen ta kai bakin titi, tana ɗaukar tan 12 zuwa 20 a sawu guda. Har a wani ƙaramin gari kusa da Växjö, Rottne, ana ƙera irin waɗannan injina.

Rassa ɗaya, masu nema uku

Abin da ya fi wahala a wannan aiki shi ne rassan nan suna da masu nema uku, kuma reshen da ya tafi wajen ɗaya ya kuɓuce wa sauran. Tashar wuta tana son su. Motar kwasa tana son su a ƙarƙashin tayarta. Ƙasar dajin ma tana son su, don a cikinsu ne abincinta ya taru. Manomin da ya taɓa tsayawa a kan karan dawarsa bayan girbi yana lissafin na dabbobi, na danga da na barin gona, ya san irin wannan rabo.

Mai yin rabon shi ne direban injin sara, kuma yana yin sa ne a daidai lokacin da yake kayar da itacen. Idan ya share rassan a gaban injin, sun faɗa kan hanya, motoci sun bi ta kansu. Idan ya juya hannun ƙarfen ya share su a gefe, sun taru tsibi-tsibi a gefen hanya, gungume a ɗaya gefen, to waɗannan ne za su zama makamashi. Reshen da taya ta taka an gama da shi: ya cakuɗe da laka da tsakuwa, ba a ƙara ɗaukarsa. Wanda ya yi kwaɗayi ya kwashe shi zai gani a gaba, lokacin da dutse ya ɓalle wuƙar injin ɓarza, ko tasha ta auna kayan ta ga ƙasa ta yi yawa ta rage kuɗi.

Buƙatar motar kwasa ba ƙarama ba ce. Motar da ke ɗauke da tan 18, ga nauyin kanta, tana haura tan 35, kuma babbar hanyar da ke fita bakin titi za ta bi ta sau da yawa. A da sanyi yana daskarar da ƙasa ya ɗauke wannan nauyi. A kudu yanzu ana iya yin hunturu guda ƙasa ba ta daskare da kirki ba. Idan babu shimfiɗar rassa a wuri mai danshi, taya tana haƙa kwari mai zurfin gwiwa, ruwan sama ya bi kwarin ya kwashi laka zuwa rafi. Laka tana binne tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, sannan ruwan da ya kwanta a kwarin yana taimaka wa zaibar da ke cikin ƙasa ta rikiɗe zuwa nau'in da ke taruwa a jikin kifi. Shi ya sa kafin injin ya shigo, mai tsara aikin yake duba taswirar danshin ƙasa, wadda aka zana daga awon da jirgin sama ya yi da hasken leza, ya bi da babbar hanya ta tudu, ya sa alama a mashigin rafi inda za a aza gadar ƙarfe ko jerin gungume. Duk inda taswira ta nuna danshi, rassan wurin na hanya ne. A ganinmu wannan shi ne daidai ko da kuɗin makamashin ya ragu, domin kuɗin rassa na shekara ɗaya ne, kwarin taya kuwa yana nan har itatuwan da za a shuka su girma.

Rabon ƙasa kuma hukumar dazuzzuka ce ta ba da shawara a kansa: a bar aƙalla kashi 20 cikin 100 na rassan a fili. Ba kowane reshe ne ya dace da barin ba. An fi son manyan rassan itatuwa masu faɗin ganye da busassun gungume da suka daɗe a kwance, don su ne gidan ƙwari da naman kaza iri-iri. Ka'idar FSC ta ƙasar, wato ƙungiyar da ke ba da takardar shaidar kyakkyawar kula da daji, ta ƙara da cewa a bar dogayen kututture aƙalla uku a kowace hekta, a yanke itacen daga sama a bar gindin ya mutu a tsaye. Direban motar kwasa da bai sani ba yakan ga irin wannan busasshen gungume ya ɗauka shara ce ya loda, ko ya bi ta kansa ya murƙushe. Wannan kuskure ne da ake yawan samu idan ba a yi wa direba na biyu bayanin da aka yi wa na farko ba.

Abin da injin da kansa ke zubarwa

Idan aka auna da rassa, sharar injin ba ta taka kara ta karya ba wajen yawa, amma ita ce mai guba. Mai iri uku ne ke yawo a filin.

Man sarƙar zarto shi ne wanda babu yadda za a yi a tare shi. Sarƙar tana gudu har kusan mita 40 a daƙiƙa, tana watsa man da aka ɗiga mata, don haka duk litar da aka zuba a tanki a dajin take ƙarewa. Abin da ya rage kawai shi ne a zaɓi man da ke ruɓewa, wanda aka fi yi daga man raps, wani tsiro da ake nomawa don mansa, a kuma daidaita famfo ya ɗiga gwargwadon kaurin itacen. Wasu sun koma giris, wanda ke manne wa sarƙa ya rage abin da ke fita. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: masu injin zarto na hannu da yawa a Najeriya baƙin man mota suke zubawa a wannan tanki don ya fi araha, alhali yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadaran da ke jawo ciwon daji, kuma mai riƙe da zarton ne farkon wanda yake shaƙar feshinsa.

Man haidurolik shi ne mai haɗarin zuba gaba ɗaya. Tankin injin sara yana ɗaukar lita 200 zuwa 300, famfo yana tura shi da ƙarfin da ya haura bar 250 a ma'aunin matsi, kuma tiyon da ke zuwa kan zarto kullum yana lanƙwashewa yana gogar rassa. A nan yake fashewa, galibi a bakin haɗi ko inda ya goge da ƙarfe. Famfon da ke tura lita sama da 200 a minti ba ya buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya zubar da bokiti da yawa. Matakan da direba ke bi a jere suke: ya kashe injin, ya kunna ƙaramin famfon zuƙe iska da ke kan tanki don man ya daina bin tiyo, ya toshe bakin haɗin, ya shimfiɗa tabarmar tsotse mai, ya haƙe ƙasar da ta jiƙe da shebur ya zuba a buhu mai kauri, sannan ya kira ofishin muhalli na ƙaramar hukuma. Kayan nan a cikin injin suke zama, ba a motar da aka ajiye a bakin titi nisan kilomita guda ba. Rigakafin kuwa duba tiyo ne kowace safiya da canza wanda fatarsa ta fara tsagewa tun bai fashe ba.

Kamfanonin da ke da takardar shaidar FSC ko ta takwararta PEFC suna tilasta wa 'yan kwangila amfani da man haidurolik mai ruɓewa, bisa ma'aunin ƙasar mai lamba SS 15 54 34. Sai dai kada a ɗauka wannan ya sa zubarsa ba komai. Yana ruɓewa a ƙasa cikin makonni, amma idan ya shiga rafi yana rufe saman ruwa tun kafin ya ruɓe, kuma wanda ya yi dubban awoyi a cikin injin ya kwashi garin ƙarfe. Yana da nasa laulayin: ba ya jure ruwa, idan danshi ya shiga tanki yana tsami ya ci robobin haɗi, kuma idan aka ƙara masa man da ba irinsa ba don gaggawa, an ɓata tankin gaba ɗaya.

Na uku shi ne dizal da baƙin man sabis. Tankin dizal da ake kawowa daji dole ya zama wanda aka amince da shi don jigila a titi, a ajiye shi a busasshen wuri nesa da rafi da rijiya, inda mota ba za ta buge shi ba wajen juyawa. Baƙin mai, filtar mai, batir, gwangwanin fenti, kwalin giris, tsumma da ƙasar da mai ya jiƙa, duk doka ta sa su a layin shara mai haɗari. Kowanne da mazubinsa, kuma ba a haɗa baƙin mai da ruwan lagireto, don haɗin yana hana a sake tace man. Tun 1 ga Nuwamba 2020 duk kamfanin da ke samar da irin wannan shara sai ya shigar da bayaninta a rajistar hukumar kare muhalli, Naturvårdsverket: iri, nauyi, inda ta fito, wanda ya ɗauka, inda za a kai. Wannan ya shafi har ɗan kwangila mai injin ɗaya. Tsofaffin sarƙoƙi da takubban zarto kuwa, bayan an wasa su iya wasawa, wajen masu sayen ƙarfe suke tafiya.

Daga tsibi zuwa tasha

Ɗanyen grot rabinsa ruwa ne. Tasha ba ta biyan nauyi, tana biyan wutar da ke ciki, kuma lissafin a fili yake: tan ɗaya mai danshi kashi 50 yana ba da kusan megawat-awa 2.3, idan danshin ya sauka zuwa kashi 35 ya ba da kusan 3.2. Motar da ta ɗauko ɗanye, kusan rabin abin da ta yi dako ruwa ne.

Don haka ake barin tsibin a fili ya sha iskar bazara har ganyen ya yi ja ya kaɗe. Wannan jira yana maganin abu biyu. Ganyen ne ya fi kowane sashe na itacen tara naitirojin, fosforas da fotasiyam, to gara ya zube a dajin. Kuma gishirin da ke cikinsa yana manne wa bututun tanderu ya cinye ƙarfen, don haka tashar ma ba ta ƙaunarsa. Matsalar jiran ita ce mai fili yana son ya gyara ƙasa ya yi shuka, tsibi kuma ya tare masa wuri, ga motar kwasa sai an sake biyan kuɗin kawo ta. Wasu saboda haka suna kwashewa ɗanye su busar a bakin titi, ganyen ya zube a wuri ɗaya inda babu itacen da zai amfana.

Wajen kwasa ana cire wa motar ƙamborin gungume a sa mata buɗaɗɗe mai yatsu, wanda ƙasa da dutse ke zubewa ta tsakaninsu, kuma direba ba ya kankare tsibi har ƙasa, yana barin shimfiɗar ƙarshe. A bakin titi ana jera babban tari a wuri mai tudu da iska, a sa 'yan gungume a ƙarƙashi don kada ya sha ruwa daga ƙasa, a yi shi dogo mai tsayi, a rufe samansa da takarda mai kauri mai faɗin kusan mita huɗu, a danne ta da rassa. Takardar ba a cire ta, tare ake ɓarje su. Tarin da aka yi a kwari ko a inuwa, ko aka bari a buɗe ƙanƙara ta shiga ta narke ta sake daskarewa, yakan fito ya fi yadda ya shiga jiƙewa.

Ɓarza tana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da tasha ta nema, wato cikin sanyi. Dalili shi ne ɓarzajjen ice ba ya ajiyuwa. Da an tara shi da danshi sai ƙwayoyin ruɓa su kama aiki, cikin tarin ya ɗau zafi, nauyi ya riƙa raguwa wata bayan wata, wani lokaci har ya kama wuta da kansa. Ma'aikacin da ya tona irin wannan tari kuma yana shaƙar ƙurar fumfuna mai taɓa huhu.

Toka

A filinmu na misali, a ce an fitar da busasshen grot tan 25 a kowace hekta. Idan kashi uku cikin 100 na wannan toka ne, hekta guda ta yi asarar abin da ya kai kilo 750 na toka, wato kalsiyam, magniziyam, fotasiyam da fosforas da itatuwan suka shekara 70 suna tsotsowa. Waɗannan ne ke hana ƙasa tsami, kuma ƙasar kudu maso yammacin Suwidin ta riga ta sha ruwan sama mai tsami shekaru da yawa daga hayaƙin masana'antun Turai. Shawarar hukuma ita ce idan abin da aka fitar ya haura kwatankwacin rabin tan na toka a hekta, a mayar da toka. Filinmu ya haura.

Tokar da ta fito daga tanderu ba a kai ta daji a haka. Tana da kaifi irin na ɗanyar farar ƙasa, ma'aunin pH ɗinta, wato awon tsami da kaifi, yana kai 12 zuwa 13, tana ƙona gansakuka da ƙananan saiwoyi. Ana kwaɓa ta da ruwa, a baza, a danne, a bar ta watanni tana shan iska har ta daskare kamar dutse mai laushi, sannan a farfasa a tankaɗe. A wannan siffa tana narkewa a hankali cikin shekaru. Idan ruwan ya yi kaɗan cikin tarin ba ya daskarewa, sai ta tashi ƙura wajen watsawa. Idan ya yi yawa ta zama dunƙule ta toshe injin. Kafin a ɗauka ana kai samfuri ɗakin gwaji: akwai mafi ƙarancin abincin ƙasa da dole ta ƙunsa, akwai iyakar kadmiyam, dalma da zaiba da ba za ta wuce ba. Saboda hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren na 1986 kuma ana auna sinadarin siziyam mai tururin nukiliya, musamman a tokar icen da ya fito daga wajen garin Gävle, a gabashin tsakiyar Suwidin, da arewacinsa, kuma wadda tururinta ya wuce bekarel 10,000 a kilo ba ta komawa daji. Wadda ta ci jarrabawa ana loda ta a motar kwasa mai faifan watsawa biyu a baya, a bi hanyoyin da ke cikin daji, a nisanci rafi, tafki da fadama. Iyaka ita ce tan uku a hekta cikin shekara goma, tan shida a duk tsawon rayuwar shukar.

Toka ba ta da naitirojin, wuta ta tafi da shi sama. A kudu, inda ruwan sama ke sauko da shi, wannan ba damuwa ba ce. A arewa, inda shi ne abin da ƙasa ta fi rashi, kwashe rassa yana iya rage girman shuka ta gaba, toka kuma ba za ta gyara ba.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne nan. Filin da ake mayar wa toka kowace shekara ƙaramin kaso ne na filin da ake kwashe wa rassa, kuma yawancinsa a kudu yake. Toka mai yawa tana tafiya rufe tsofaffin juji, don hakan ya fi wa tasha araha fiye da kwaɓawa, jira, gwaji da dako. Wata kuma tun a tanderu take lalacewa: tashar da ta haɗa icen daji da katakon rusau mai fenti, ko wanda aka jiƙa da maganin ruɓa mai asenik, tokarta gaba ɗaya ta haramta wa daji, ko da rusau ɗin kaɗan ne a ciki. Sannan mayar da toka shawara ce, ba tilas ba. Mai fili ya karɓi kuɗin rassansa yau, amfanin tokar kuwa sai bayan shekaru zai bayyana a ƙasa da ruwan rafi, don haka ba ya gaggawar nema. A 2022, da ice daga Rasha da Belarus ya daina shigowa Turai, farashin grot ya tashi, aka ƙara shiga filayen da a da ake bar wa rassansu. Inda abin ke tafiya daidai, tasha ce ke ware tokar icen daji tun daga tanderu, ta sa kuɗin mayarwa a cikin farashin makamashin, mai sayen rassa kuma ya rubuta watsa toka a takardar kwangilar da mai fili ke sa wa hannu tun kafin injin sara ya shigo.